Bar grep, ka tambayi fayilolin da kompaila ya fitar

Ka ce an ɗora maka tsohuwar manhajar C mai fayiloli birjik, ana so ta riƙa aiki da zare (thread, wato layin aiki mai gudu da kansa a cikin manhaja) da yawa a lokaci guda, kai kuma kana ta bin bariyabul na gama-gari, waɗanda kowane zare zai iya taɓawa, da grep, manhajar neman kalma a cikin fayiloli, ba ka san ko ka kamo su duka ba. Ba ka kamo su ba, yarona, kuma ta wannan hanyar ba za ka kamo su ba.

Shi grep rubutu kawai yake gani. Bariyabul ɗin da aka sa wa static a cikin fankshin, a ido kamar na fankshin ɗin ne shi kaɗai, alhali guda ɗaya ne tak a ƙwaƙwalwar kwamfuta, duk zaren da ya shigo shi zai taɓa. Wasu kuma makro ne ke haifar da su, ko sunansu ba za ka gani a rubuce ba.

Haɗa manhajar tukuna, sannan ka bi fayilolin .o da kompaila ya fitar da nm, manhajar da ke jero sunayen da ke cikinsu. Kowane suna zai fito da harafi a gefensa. B na nufin bariyabul da ba a ba shi ƙimar farko ba ko aka ba shi sifili, D wanda aka ba shi wata ƙima, R kuma na karantawa ne kawai, wannan ka wuce shi. Ka buɗe ido a kan ƙananan haruffa, b da d, domin nan ne 'yan static suke laɓewa. In ka ga suna da ɗigo da lamba a bayansa, kamar buf.0, to kompailan GCC ne ke gaya maka cikin fankshin yake. In akwai C++ a ciki, ƙara -C don sunayen su karantu.

Jerin zai yi tsawo, kada ka razana. Yawancinsu tebura ne da aka manta ba a sa musu const ba. Sa musu, akasarinsu su koma R ko r, ka huta. Waɗanda ake cikawa sau ɗaya kafin a tada zare na farko su ma ba su da laifi. Masu haɗarin su ne waɗanda ake rubuta wa bayan zare sun fara gudu, kamar mutum biyu na rubutu a allo ɗaya, kowa na goge na ɗan'uwansa. Ma'ajin ƙirge ka mai da shi atomic, yadda wani zare ba zai katse wani a tsakiyar canza shi ba, wanda kowane zare ya kamata ya riƙe nasa ka sa masa _Thread_local, dukansu biyun sun shigo C tun 2011. Sauran, ko makullin mutex da ke barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda, ko kuma abin da na fi so: ka tattara su cikin struct ɗaya kana miƙa wa fankshin. Duk wanda ya ce maka volatile zai magance wannan, ka gaishe shi ka wuce.

Akwai kuma waɗanda ba a cikin lambarka, wato rubutun manhajarka, suke ba. strtok da localtime suna riƙe da nasu ɓoyayyen ma'ajin, sai ka musanya su da strtok_r da localtime_r. Shi errno kyale shi, kowane zare da nasa.

Aikin ba na raggo ba ne. Masu Python sai da suka rubuta na'urar bincike ta musamman don zaƙulo irin waɗannan a lambarsu ta C kafin kowane mai fassara (interpreter, mai gudanar da lambar Python) ya samu makullinsa na kansa maimakon guda ɗaya na kowa a sigar 3.12.

In ka gama gyara, haɗa da -fsanitize=thread, mai kama zare biyu da suka yi karo a kan bariyabul ɗaya, ka gudanar da gwaje-gwajenka. Zai rage gudu kamar ninki 5 zuwa 15, kuma karon da ya faru a gabansa kaɗai yake kamawa, don haka ka tabbata gwajin yana tada zare da gaske. Sannan ka ajiye jerin nm ɗin, ka sa a riƙa kwatanta shi duk lokacin da wani ya turo sabuwar lamba, in sabon b ko d ya ɓullo, a tsayar da shi sai ya yi bayani.