Korar Sagan a 2017, adalci ne?

Malam, ka tambaya ko an yi wa Peter Sagan adalci da aka kore shi daga gasar tseren keke ta Tour de France a 2017. A ganina alƙalai sun yi gaggawa. A zango na 4, a Vittel, abokin takararsa Mark Cavendish ya kutsa tsakanin Sagan da shinge, ya faɗi ya karya kafaɗa, alƙalai kuma suka ɗora wa Sagan laifin. A watan Disamba hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da kanta ta yarda ba da gangan Sagan ya yi ba.

Abin da ke ci min rai, raunin ake dubawa maimakon laifin. Doka ta hana ɗan tsere kauce wa layin da yake bi a gudun ƙarshe in hakan zai jefa wani cikin haɗari, amma in ba wanda ya faɗi, sau da yawa sai a kau da kai.