Amsa ga malamin da aka ɗora wa buɗe shirin kasuwancin ƙasa da ƙasa

Salamu alaikum Malam. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, domin irin wannan kayan aka taɓa ɗora mini a kwalejin da nake koyarwa a nan Amurka. Ka ce kwalejinku ta shekara biyu ta umarce ka ka tsara mata shirin kasuwancin ƙasa da ƙasa, kana tambaya ko da digiri za ka fara ko da satifiket, kuma waɗanne kwasa-kwasai za ka zuba. Kafin mu je nan, ƙanena, a rubuce aka ba ka aikin ko da baki? An rage maka azuzuwa? An ware kuɗi? In ba a yi ba, kada ka rubuta ko layi ɗaya na manhaja sai an sa hannu.

Ni shugaban tsangayarmu ne ya kira ni ofis, ya yi ta yabona, wai ni na san duniya, ina jin harsuna, babu wanda ya dace sai ni. Na karɓa da zuciya ɗaya. Ina koyar da azuzuwana cif, da dare in zauna kan manhaja, na kai ta gaban kwamitin manhaja, suka dawo da ita, na gyara, har hukumar jiha ta amince. Ranar da aka gabatar wa majalisar amintattun kwaleji, mutumin nan ya miƙe da takardun da na rubuta, ya karanta su kamar nasa, ina zaune a baya, ko sunana bai ambata ba. Na haɗiye wannan, na ce don Allah na yi da kuma ɗalibai.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne maganar jami'a. Ya tabbatar mana a gaban malamai cewa ya gama da jami'ar da ɗalibanmu suka fi komawa, za ta karɓi kwasa-kwasanmu. Ashe hira kawai ya yi da wani, babu takarda. Akwai wata baiwar Allah a ajina, uwar yara, da dare take aiki a sito, da rana ta zo aji idonta jawur. Ta gama kiredit 60 ɗinta, ta tafi jami'a, aka ce mata kwas ɗin tallata kaya a kasuwannin waje da na kuɗin cinikin ƙetare ba za su shiga lissafin fanninta ba, domin su a aji uku suke koyar da su, sai ta sake. Ta dawo ofishina da takardar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye ta a kan tebur ta tambaye ni ina za ta samo kuɗin maimaitawa. Har yau in na tuna fuskarta sai raina ya ɓaci. Na ɗauki takardar na je wurinsa, ya kalle ni ya ce shi bai taɓa cewa an sa hannu ba. A gaban mutane fa ya faɗa! Bayan haka ya mayar da ajin gabatarwa safiya, alhali ɗalibanmu ma'aikata ne, sai yamma suke samun zuwa. Rajista ta yi ƙasa, ana gab da fara zango aka soke ajin, sannan ya rubuta a rahoto cewa shirin bai samu karɓuwa ba. Bai daɗe ba ya samu babban muƙami a wata makarantar, da wannan shirin a cikin abubuwan da yake alfahari da su. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Don haka yarjejeniyar karɓar kiredit, ka gan ta da idonka, kwas bayan kwas, da sa hannun ɓangarorin biyu. Kuma ka gaya wa ɗalibai bambancin AAS da AS, wato nau'o'i biyu na digirin shekara biyu, tun ranar farko: na farkon don shiga aiki aka yi shi, ba duka kwasa-kwasansa jami'a ke ɗauka ba. Tsangayar kasuwanci ta jami'a mai amincewar AACSB, ƙungiyar da ke tantance makarantun kasuwanci, ta fi tsauri a wannan.

Ni a ganina da satifiket za ka fara, wanda duk kwasa-kwasansa za su shige cikin digirin kasuwancin da kuke da shi. Amma kada ya gaza kiredit 16, ka zauna da ofishin tallafin karatu su tabbatar maka ya cancanci tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, domin ɗalibanmu in babu Pell babu karatu. Sunan ma ka duba shi. Ɗan shekara ashirin in ya ji kasuwancin ƙasa da ƙasa, jirgin sama da otal yake hangowa. Aikin da ke jiransa kuwa na kamfanin jigilar kaya ne, ko ofishin ejan ɗin kwastan, ko teburin cike takardun fitar da kaya a wata masana'anta. Ka fita ka zaga waɗannan wuraren a garinku kafin ka zaɓi kwas. Ka tambaye su wa suka ɗauka bara, me ya iya, me suka sha wahalar koya masa. Su za ka zuba a kwamitin ba da shawara, kuma wasiƙunsu za su taimake ka in kana neman kuɗin Perkins, wato tallafin gwamnatin tarayya na koyar da sana'a, wanda sai an nuna akwai aiki a yankin.

Abin da suka gaya mini ni, ba tarihin ciniki suke nema ba. Suna son yaron da ya san ƙa'idojin Incoterms 2020 guda 11, masu raba nauyin kaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya san a FOB, inda mai sayarwa ke loda kaya a jirgin ruwa, daga ina asara ke komawa wuyan mai saye, ya san nauyin da mai sayarwa ya ɗauka in ya yarda da DDP, wato kai kaya har wurin mai saye da biyan kuɗin fito. Ya iya nemo lambar kaya ta HS mai alƙaluma 6, wadda kwastan na duniya ke gane kaya da ita, ya san ta Schedule B mai alƙaluma 10 da ake fitar da kaya da ita daga Amurka, ya san in kaya a lamba ɗaya sun haura dala 2,500 yawanci sai an shigar da bayanansu a AES, manhajar gwamnati ta bayyana kayan da za a fitar. Ya iya karanta takardar lamunin banki ya gano kuskure kafin banki ya ƙi biya. Idan kana neman ƙashin bayan manhaja, duba jarrabawar CGBP, ta shaidar ƙwarewa a cinikin ƙasa da ƙasa, wadda ƙungiyar NASBITE ke shiryawa, fanni huɗu ne: gudanarwa, tallata kaya, jigila da kuɗin ciniki. Ni a kansu na gina nawa karo na biyu. Shafin globalEDGE na Jami'ar Jihar Mishigan kyauta ne, akwai bayanan ƙasashe da darussa, kuma cibiyarsu ta nazarin kasuwancin ƙasa da ƙasa, wato CIBER, ta shafe shekaru tana horar da malaman kwalejoji irin namu. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa tsarin waɗannan cibiyoyi a 1988.

Af, kada ka raina 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da masu zama. Ajin da ya fi mini daɗi shi ne wanda ya cika da masu tura tsofaffin motoci Kwatano, Lome, Tema da Legas. Sun san kwantena fiye da ni, takarda ce ke kayar da su. Wani bai san dole a miƙa wa kwastan takardar mallakar mota aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita ba, motarsa ta kwana a tashar jiragen ruwa yana biyan kuɗin ajiya. Irin waɗannan ba digiri suke so ba, gajeren horo na ranar Asabar ya ishe su, daga nan wasu ke shigowa satifiket, su kuma jawo 'ya'yansu. In akwai ofishin SBDC, mai taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa, a kwalejinku, ku yi shi tare.

Za a matsa maka ka shirya tafiya ƙasar waje don a samu hotunan talla. Mai aiki biyu da yara ba zai tafi ba. Wanda zai iya, ka nuna masa tallafin Gilman na karatu a ƙasar waje, na masu karɓar Pell ne, yana kaiwa dala 5,000. Sauran ka haɗa su aiki ta intanet da wani aji a wata ƙasa, irin tsarin COIL na Jami'ar Jihar New York.

Kuma don Allah kada ka zama kai kaɗai. Ka jawo malamin akanta da na tattalin arziki, ka nemi ejan ɗin kwastan mai lasisi ya riƙa ɗaukar aji ɗaya da yamma. Ka sa a rubuta lokacin azuzuwan da mafi ƙarancin ɗaliban da za a bar aji ya gudana da su a shekarun farko, tun kafin a buɗe. Duk abin da shugabanka ya faɗa da baki, ka koma ofis ka tura masa imel kana maimaita shi, ka ajiye kwafi.

Gaya mini jihar da kake da irin masana'antun da ke kewaye da ku, ko akwai tashar jiragen ruwa ko ta jirgin ƙasa kusa, sai in turo maka manhajata ka cire abin da ya dace da ku. Allah ya dafa maka.