Amsa ga mai tambaya kan kamfanin kwasar kaya daga Birnin Kebbi zuwa Abuja

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce an yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Abuja, kina tambaya ko ku ɗauki kamfanin kwasar kaya ko ku je tasha ku yi cinikin motar kanta. Bara muka tashi daga unguwar Gesse a Birnin Kebbi zuwa Kubwa a Abuja, kuma kamfani muka ɗauka, to ga abin da idona ya gani.

Kamfanin kirki ba ya yanka kuɗi sai ya ga kaya. Namu daga Abuja suke, sai suka sa na zagaya da su ɗaki-ɗaki ta bidiyon WhatsApp, har sito da kicin. Kada ki ɓoye komai don kuɗin ya sauka, in mota ta cika ranar lodi ke za a bari da firiza a tsakar gida. Ki tambaye su ƙarara: kwali da salatif da ledar naɗe gilashi suna cikin kuɗin? Kafintan da zai kwance gado ya sake ɗaurawa can fa? Mu sai da aka isa aka ce hawa da kaya bene kuɗinsa daban. Maigida ya yi ta faɗa, amma da yake ba a rubuta ba, haka ya biya. Kuɗin zai yi miki yawa don motar wayam take zuwa, zuwa da komawa kike biya. Ki tambaya ko suna da wadda ta kawo kaya Sakkwato ko Kebbi za ta koma ba lodi, akan samu sauƙi. Kafin alƙalami kawai za ku bayar, da rasit, ciko sai an sauke.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne takardar lissafin kaya. Kowane kwali suna sa masa lamba, su rubuta abin da ke ciki, ku sa hannu. Ni ganin ido ya ja min. Tangaran ɗin da Inna ta jera min tun aurena, na ce ba namijin da zai taɓa, na naɗe su da tsofaffin zannuwa na liƙe kwalin da kaina. Da muka buɗe a Kubwa, faranti huɗu sun zama tsingaro. Na kira su, cikin ladabi suka ce kwalin da mai kaya ya ɗaure da hannunsa ba ya cikin alhakinsu. Madubin da su suka naɗe kuwa ko ƙwarzane babu. Ki bar musu kayan fashewa, ke dai ki tsaya a kansu, ki ɗauki hoton talabijin tana kunne kafin a sa ta a kwali. Ki kuma ji ko akwai inshora, da nawa take biya in an yi ɓarna.

Gwal, kuɗi, takardun makaranta da na fili, magani, duk a jakarki. Kayan sawarki na ciki ki haɗa su tun jajibiri, don maza ne za su cika miki ɗaki, gara maigida ko ƙaninki yana nan. A kashe firij kwana guda kafin tafiya ƙanƙara ta narke, in an sauke a bar shi tsaye wasu awanni kafin a kunna. A tsiyaye man janareta. Tukunyar gas mai cike namu ƙin ɗauka suka yi, maƙwabciyata na bar wa.

Sai hanya. Ta Jega da Koko da Yawuri zuwa Kontagora suka bi, sannan Minna da Suleja. A yi lodi da yamma, a tashi bayan sallar asuba, kuma ku yi sharaɗi ba tafiyar dare. In da damina ne ki nace a kan mota mai rufi, tamfol ba ya hana katifa jiƙa. Mu ƙanin maigida muka sa a gaban motar, da caja da lambar direba a hannunmu, shi ya riƙa kiran mu garin da suka kai.

Allah ya sa alheri ne ya kira ku, ya kai ku lafiya.