Me ya hana Rochester ya saki Bertha ya auri Jane Eyre?

Tambaya: Ina karanta Jane Eyre na Charlotte Brontë, na iso inda aka fasa ɗaurin auren Jane da Rochester a coci saboda yana da mata mai taɓin hankali, Bertha. Me ya hana shi ya sake ta, ko ya ƙara da Jane? Kuma tafiyar da Jane ta yi ba rashin tausayi ba ne?

Amsa: Littafin ya fito a 1847, kuma dokar Ingila ta lokacin ta toshe duka hanyoyin biyu. Ƙara aure alhali matar fari tana raye laifi ne na kotu, auren ma ba ya ɗauruwa. Saki kuwa, kafin dokar 1857, sai Majalisa ta yi doka ta musamman a kan auren mutum ɗaya, bayan shari'a mai cin dukiya. Hauka bai zama hujjar saki ba sai a 1937.

Saboda haka abin da Rochester ya yi wa Jane tayi, zama a kudancin Faransa, zaman dadiro ne. Jane marainiya ce mai koyar da yarinya a gidansa kan fam 30 a shekara. Ranar da ya gaji da ita ba ta da kotun zuwa, 'ya'yanta kuma ba su da haƙƙin gado. Da kunnenta ta ji yadda yake raina Céline da sauran matan da ya taɓa ajiyewa. Ban ga rashin tausayi a tafiyarta ba. Ta fita da asuba tana son sa, wannan ne ya sa matakin ya yi nauyi.

Inda ya kamata ka tsananta bincike shi ne kan Bertha. Mahaifin Rochester ne ya ƙulla auren saboda fam 30,000 da za ta zo da su daga Jamaika, dukiyar kuma ta koma hannun miji kamar yadda doka ta tanada. Ya kulle ta shekara goma a saman benen gidansa, Thornfield, Grace Poole na gadinta. Kusan duk labarinta daga bakin wanda ya kulle ta muke jin sa, ita ko jimla ɗaya ba ta furta mana ba. Idan ka kai ƙarshe, duba abin da sai da ya same ta kafin marubuciyar ta iya halatta auren Jane.