Daga Accra zuwa Cape Coast da mota, ta ina za a bi?

Malam, ka ce kuna son ku zaga bakin teku da ƙauyukan Ghana a kwana 3 da iyali, to ni dai shawarata ku bi titin Accra zuwa Cape Coast, kusan kilomita 150 ne. Amma don Allah ku fita bayan sallar asuba, saboda go-slow ɗin Kasoa, garin da ke kan hanya da an fita Accra, ba wasa ba ne, in rana ta fito sai ku ci awa guda a wajen.

Ku tsaya Winneba ku karya, sai Anomabo, nan fa za ka ga kwale-kwale jere a bakin ruwa da bishiyoyin kwakwa, yara za su ji daɗi sosai, kar dai a bari su shiga ruwan don igiyarsa na da ƙarfi. Ranar Talata masunta da yawa ba sa fita, in kifi sabo kuke so ku kauce mata.

Kwana na biyu garin Elmina, ku ga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi, wallahi wurin sai jikinka ya yi sanyi. Na uku dajin Kakum, ku hau gadar igiya ta saman bishiyoyi. Masallaci da abincin halal kuwa ku tambayi zango, wato unguwar Musulmi, kawai. Watan Yuni ruwa ya yi yawa, ku bari sai Disamba.