Hukuncin lauyan da ya karɓi shari'ar haɗari a kan kaso, sannan ya daina ɗaukar waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Tirela ce ta buge ƙanena yana tuƙa Adaidaita Sahu a titin Zariya, cinyarsa ta karye wuri biyu, har yanzu da ƙarfe a ƙafar. Tun muna asibiti wani lauya ya same mu, ya ce ba sai mun ba shi ko sisi ba, idan an biya diyya zai ɗauki kashi 30 cikin 100. Muka sa hannu. Yau wata 7 ke nan, in na kira ba ya ɗauka, in na je ofis yaronsa ya ce yana kotu. A bakin direban tirelar muka ji wai ana maganar sulhu da mai tirelar. Daga baya kuma muka gano shari'ar filaye ya saba yi. Wannan kaso halal ne? Muna da ikon sauya shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗaukar lauya halal ne. Shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira wakilci a husuma, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (RA) yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a gaban shari'a. Sharaɗin kawai kada a tsaya wa ƙarya, saboda faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 105, cewa kada ka zama mai husuma domin maha'inta.

Maganar kaso kuwa akwai saɓani. Irin wannan ƙulli sunansa ji'ala: ka yi aiki, in ya samu ka karɓi lada, in bai samu ba babu komai. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A cikin Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, Ibnul Ƙasim, ɗalibin Imam Malik, ya ce Imam Malik ya ƙi a yi ji'ala a kan husuma, Sahnun, wanda ya tattara littafin, kuma ya ce an ruwaito cewa ya halatta. Dalilin ƙin a fili yake: ba wanda ya san tsawon shari'a, ga shi a naku ladan ma ba a san yawansa ba, don kashi 30 na abin da bai zo hannu ba gaibu ne. Hanbalawa sun sassauta, suna kafa hujja da yadda Annabi (SAW) ya bar wa mutanen Khaibara gonaki su noma a kan rabin amfani. Ni a nan ina karkata ga halacci. Mai Adaidaita da ke kwance ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, in muka rufe wannan ƙofa mun bar shi a hannun mai tirela. Amma a rubuta a fili: kason daga me za a cire shi, kafin a fitar da kuɗin asibiti ko bayan an fitar, kuma wa ke biyan kuɗin shigar da ƙara.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ɗan'uwa, shirun nan ne. Wakili amintacce ne, haƙƙin da ke hannunsa na mai rauni ne, shi riƙo kawai aka ba shi. Allah ya yi umarni a Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amanoni ga masu su, kuma labarin inda shari'a ta kwana yana cikin amanar. An ɗaga zama? An samu rahoton 'yan sanda? Kamfanin inshora ya amsa? Saƙon waya na layi biyu ya isa. Mutum yana kwance yana ƙirga ranaku, matarsa na cin bashin cefane, a ce wata 7 ba ko gaisuwar duba mara lafiya, wannan sakaci ne da za a tambaye shi a kai.

Sulhun kuma ba shi da ikon ƙulla shi sai da izininku. Wanda aka wakilta ya yi husuma ba a wakilta shi ya yafe ko ya rage ba, sai in an ambata masa haka. Ka koma ka karanta takardar da kuka sa wa hannu, ko ka kai wa wanda zai karanta maka, domin mutane da yawa suna sa hannu a bakin gadon asibiti hankalinsu ba ya jikinsu. Akwai kuma wata ƙa'ida a Muwaɗɗa da Risala wadda nake so ka riƙe da kyau: ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimarta ita ce ba a san abin da raunin zai zama ba. A wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmin, rai raƙuma 100 ne, ƙafa guda 50, yatsa 10, haƙori 5. Ƙafar da ta warke sarai da wadda ta gajarce ko ta daina aiki hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka karɓi kuɗi yau aka rubuta an yafe, gobe likita ya ce sai an sake tiyata, wa za a kama?

Batun ƙwarewa ma yana da nauyi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi magani alhali ba a san shi da likitanci ba, shi zai biya abin da ya ɓata. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito. Ba na cewa lauyan filaye haramun ne ya taɓa shari'ar haɗari, amma wajibi ne ya faɗa muku gaskiyar abin da ya sani, ko ya haɗa ku da wanda ya saba karanta rahoton likita da ja-in-ja da kamfanin inshora. Irin waɗannan ƙararraki suna da wa'adi a dokar ƙasa, in ya wuce kotu ba ta saurare. Bin mutane har asibiti da neman aiki ma ba halin mai mutunci ba ne, ko a wajen lauyoyin kansu abin zargi ne.

Kuna iya sauya shi. Malikawa sun hana tsige wakilin husuma bayan ya zauna da abokin shari'a sau 3, don kada a cutar da ɗaya ɓangaren, amma sun cire wanda ha'inci ko karkata ga abokin husuma ya bayyana daga gare shi. Sai dai kada ka gina hukunci a kan maganar direba ita kaɗai. Ka rubuta masa takarda, ƙanenka ya sa hannu tunda haƙƙinsa ne, ku nemi bayanin inda aka tsaya, ku ce ba ku yarda da kowane sulhu ba sai da saninku, ku ba shi mako 2. In ya amsa da uzuri mai kama hankali, ku ci gaba da shi. In ya yi shiru, ku karɓi fayil ɗinku, ku biya shi abin da ya kashe daga aljihunsa in ya kawo rasit, kuma kuna iya kai kuka reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ke garinku. Takardun asibiti da hotunan ƙashi na asali su zauna a hannunku, kwafi kawai za ku ba sabon lauya.

Wallahu a'alam.