Kan mutum 12 da ke yanke hukunci a kotunan Ingila da Amurka

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya me ya sa a Ingila da Amurka ake ɗauko mutanen gari, tela da direba da malamar makaranta, a ce su za su faɗi ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, alhali ga alƙali zaune da iliminsa. Kuma me ya sa sai 12.

Al'adar ta daɗe. Tun 1166, zamanin Sarki Henry na biyu na Ingila, aka yi dokar rantsar da mutum 12 su kawo sunayen waɗanda ake zargi a yankinsu. A lokacin don sun san abin da ya faru ake kiransu, yau kuwa wanda ya san mai shari'ar sallamarsa ake yi. Alƙali ke bayyana doka, 'yan juri kuma, wato waɗannan mutum 12, su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Tun shari'ar Bushel a 1670, bayan an tsare wasu 'yan juri, har da shi Bushel ɗin, don sun ƙi kama wani mai wa'azi, William Penn, da laifi, ba a hukunta su kan abin da suka yanke.

Kada ka ɗauka shirme suke yi. Masu bincike Kalven da Zeisel na Jami'ar Chicago sun duba shari'u 3,576, suka fitar da sakamako a 1966: a kusan kashi 78 cikin ɗari, alƙali da juri bakinsu ɗaya. Inda suka saɓa, juri ya fi sassauci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗakin shawara. Binciken nan ya nuna ɓangaren da ya rinjaya a ƙuri'ar farko shi ke cin nasara kusan sau tara cikin goma. Ashe doguwar muhawarar sau da yawa lallashin 'yan tsiraru ce kawai. Masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya gwada irin wannan a shekarun 1950: a nuna layuka a ce a gwama tsawonsu, mutanen da aka shirya su faɗi amsar banza da gangan, sai ka ga mai ido lafiya ya bi Yarima a sha kiɗa. Amma da zarar mutum ɗaya ya goya masa baya, sai ya tsaya kan abin da ya gani.

A nan yawansu ke da amfani. Ka lissafa da kanka. In mutum ɗaya cikin goma ne ke da wani ra'ayi, yiwuwar a samu aƙalla biyu masu shi a cikin 12 kusan kashi 34 ne, a cikin shida kuwa kashi 11. Kotun Ƙolin Amurka ta yarda da juri na mutum shida a 1970, a 1978 ta ce biyar sun yi kaɗan. A ganina shidan ma an matse.

Saboda haka shugaban juri mai hankali ba ya buɗe zama da ɗaga hannu. Wanda ya faɗi matsayinsa a gaban jama'a kunyar janyewa yake ji. Gara a fara bin shaidu ɗaya bayan ɗaya, in za a yi ƙuri'a a yi ta a takarda.

Wata matsalar kuma, mutum ba ya auna hujja guda-guda. Labari yake haɗawa a kansa, in da giɓi ya cike da abin da ya saba gani. Shi ya sa in alƙali ya ce a manta da wata magana da ta suɓuce wa shaida, da wuya ta fita.

Batun sai baki ya zo ɗaya, Ingila ta sassauta tun 1967: bayan aƙalla awa biyu ana shawara, alƙali na iya karɓar goma a kan biyu. Amurka kuwa a 2020 ta ce a manyan laifuka ba a kama mutum da laifi sai duka sun yarda.